Wa Zai Koya wa Likitan Haƙori Riƙon Asibiti a Batsari da Safana?

Likitan haƙori a Nijeriya yakan shafe shekara shida a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya yi hidimar ƙasa. Yakan fito ya ƙware a cire haƙori da cike kogo da ɗinke dasashi. Abin da ba safai yake iyawa ba shi ne ya faɗi nawa cire haƙori ɗaya ya ci masa, idan aka haɗa allurar kashe zafi da safar hannu da man janareta da kuɗin haya. Asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano yana da akanta da ma'aji da sashen sayayya, ɗalibi kuwa bai taɓa ganin rasit ba. Ranar da ya buɗe nasa wurin, duk waɗannan ayyuka kansa za su hau.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ya koma ga darasin dogaro da kai da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta wajabta, ko horon hukumar SMEDAN, ko kwasa-kwasan intanet. Ban raina su ba, domin a nan zai san yadda ake rajistar kasuwanci da hukumar CAC. Sai dai akasarin kwasa-kwasan intanet an gina su ne a kan majiyyacin Amurka ko Ingila, mai inshora, mai zuwa a kan lokacin da aka ba shi. Majiyyacin Batsari ko Safana, a gefen Dajin Rugu, manomi ne wanda kuɗinsa ke zuwa da kaka su ƙare kafin tsakiyar damina. Yakan zo a kan babur ranar kasuwa, kuma dole ya kama hanyar gida tun da sauran rana saboda 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a waɗannan ƙananan hukumomi, a farkon 2023 kuma takardar Naira ta yi wuyar samu. Wane kwas ne ya tanadi babi a kan haka?

A ganina, malamin farko da ya kamata sabon likita ya durƙusa a gabansa shi ne mai kemis na garin. Shi ne ya ga duk wannan, shagonsa kuma bai mutu ba. Ya san wanda za a ba bashi zuwa kaka da wanda sai da mai tsaya masa, ya san kayan da za su kwanta har wa'adinsu ya wuce, ya san yawan abin da zai saro daga Katsina ko Kano ba tare da ya daure jarinsa ba. Wannan ilimi Bahaushe ya daɗe yana gadar da shi ta hanyar yaron shago da ubangidansa.

Za a ce ai mai kemis yana cikin matsalar, tunda shi ke sayar wa mai ciwon haƙori maganin kashe zafi har sai kumatu sun kumbura. Gaskiya ne, kuma littafin lissafinsa nake cewa a koya, ba rubuta maganinsa ba. Ban da haka, wurinsa mai ciwo ke fara zuwa. Idan ya yarda da likitan, shi zai riƙa turo masa mutane.

Bayan shi, sai wata shida a teburin karɓar kuɗi na wani asibitin haƙori mai zaman kansa a Katsina ko Kano, inda zai ga albashi da haraji da gyaran kujera. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011 daf da Safana, za ta iya haɗa waɗannan biyu a gajeren kwas, ta shigar har da masu taimaka wa likita, domin su ne suka fi zama a karkara. Aikin ƙarshe na ɗalibi ya zama lissafi guda: shin ya fi riba ya kafa kujera mai tsada a Batsari yana jiran Alhamis, ko ya sayi kayan tafi-da-gidanka da farantin sola ya riƙa bin ranakun kasuwa?