Zancen Garka: Ɗiyan bedi da muke sharewa

Shu ya fara naɗewa, salati ya yi kore shar, tumatir na fure, su ma baƙin da ba a gayyata ba sun iso. Tsutsa ta mai da ganyen shu rariya, darɓa ta liƙe a ƙarƙashin ganyen tonka har ya nannaɗe.

Idan haka ta faru, abin da yawancinmu ke yi shi ne mu ɗauki bashi a asusu mu sayo piya-piya ko wani ruwan kwalba wanda ko takarda babu a jikinsa. Ni dai ban yarda da wannan ba. Garkar gida ba gonar auduga ba ce. Salati ɗanye muke cinsa, tumatir kuwa yaro na wucewa zai tsinka ya kai baki, kaji na kiwo a gindin shuka. Ga bashin kuma yana jiranki ranar zubi, da ribarsa.

Alhali maganin na ƙofar gida. Bedi, wanda wasu ke cewa dogon yaro, asalinsa daga Indiya ne, amma yau da wuya ki sami gari daga Maraɗi zuwa Tawa da babu inuwarsa. Ƙarfinsa ya fi yawa a cikin ƙwayar ɗiyan, waɗannan da muke sharewa kullum safe muna tsaki.

Ga yadda ake yi. Ki tara ɗiyan da suka nuna suka yi rawaya, ki wanke naman da ke jiki, ki shanya a inuwa su bushe ƙayau. Ki sussuka ɓawon ya fita, ki sheƙe, ki daka ƙwayar ta zama gari. Kar ki yi a turmin fura, don Allah, in ba haka ba maigida zai yi sati yana tambayar wa ya ɓata miki rai. Rabin kilo na garin ya isa ruwa lita 10. Ki jiƙa shi ya kwana, ki tace da tsumma mai laushi, ki narka ɗan sabulun wanki a ciki don ruwan ya kama ganye. Wadda ba ta da famfon feshi sai ta yayyafa da tsintsiya, amma ta ɗaga ganyen, domin a ƙarƙashi ƙwarin ke ɓuya. Da marece ake yi, saboda rana na kashe ƙarfin maganin. Kuma abin da aka jiƙa a yi amfani da shi a ranar, ba ya ajiyuwa.

To ga inda mata da yawa ke karaya. Sai mace ta fesa yau, gobe ta leƙa ta ga tsutsa na nan da ranta, ta ce ai bedin ƙarya ne. Ba haka yake aiki ba. Guba na kayar da ƙwaro nan take, shi bedi hana shi ci yake yi, ya hana tsutsa saɓa ta girma, sai ta lalace a cikin kwanaki. Don haka kar ki ƙirga gawa, sabon ganye za ki duba: in ya fito babu huji, magani ya ci. Ki maimaita kowane sati, kuma ki fara tun ɓarnar na ƙarama. Wadda ta bari har shu ya zama ƙashi, bedi ba zai tayar mata da shi ba.

Tsutsar da ta riga ta shige cikin tumatir ma ruwan ba ya cim mata. Wannan sai hannu: ki tsinke wanda ya huje ki binne shi da zurfi, kar ki jefar a bakin garka. In kin ga ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi yana yawo cikin darɓa, ki ƙyale shi, darɓar yake ci. Ruwan taba da wasu ke jiƙawa kuwa guba ne sosai, ban ba da shawararsa a kan abin miya ba.

Wadda ba ta tara ɗiya ba bana, ta daka ɗanyen ganye kilo 1 ta jiƙa a ruwa lita 5 ya kwana. Bai kai ƙwaya ƙarfi ba, amma zai rage.

Abin da nake so ku kai gaban ƙungiya a taro mai zuwa shi ne a sa tarin ɗiyan bedi cikin aikin gayya. Lokacin da suka fara zuba, kowace mace ta kawo tiya ɗaya busasshiya ranar zubi, a ajiye wurin ma'ajiya, a kuma ware turmi guda na magani kaɗai. A zuba a buhun da iska ke shiga, ba leda ba, don in ya yi fumfuna ya lalace. Na bara ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa kowace shekara sai an sake tara sabo.