Suna Ba Ya Hana Faɗin Gaskiya

Jama'a, sau da yawa nakan ji 'yan'uwa a kwalejin nan suna cewa ba abin da malami zai koya daga 'yan wasan silima. Ni dai ban yarda ba. Dalilina kuwa shi ne wata Bafaranshiya, Simone Signoret.

An haife ta a 1921. Ubanta Bayahude ne, saboda haka sa'ad da Jamus suka mamaye Faransa a 1940 zama ya yi wa gidansu wuya. Ta ɗan koyar da Ingilishi, ta yi akawu, sa'an nan ta shiga silima da sunan gidan uwarta, watau Signoret, ta ajiye na uban, Kaminker. Wasanta cikin Casque d'or a 1952 ya fito da ita sosai. A 1960 kuma aka ba ta lambar Oscar a Amurka saboda Room at the Top.

To, ga inda nake so mu tsaya. A cikin shekarar nan ta 1960 Faransa tana yaƙi da mutanen Aljeriya masu neman mulkin kai. Marubuta da malamai da 'yan wasa 121 suka sa hannu a wata takarda, suka ce saurayin da ya ƙi ɗaukar bindiga a wannan yaƙi yana da gaskiya. Signoret tana cikinsu. Gwamnati ta hana masu sa hannun fitowa a rediyo da talabijin nata. Ita kuwa lokacin ne tauraronta ya fi haske, da ta yi shiru ba mai zarginta.

Wani zai ce ai mai kuɗi ce, hanin bai hana ta cin tuwo ba. Haka ne. Amma sau nawa muka ga wanda ya samu ya fi kowa tsoron buɗe baki? Mai abin rasawa shi ya fi riƙon harshe.

Ta rasu a 1985, Aljeriya kuwa ta sami mulkin kai tun 1962.

Mu da za mu riƙe alli, ranarmu tana zuwa: za a ce a ɗaga ɗan wani babba da ya faɗi jarrabawa, ko a rufe laifin da aka yi wa yaro. Ran nan albashi da ƙarin girma za su ce yi shiru. Yara kuwa suna kallo, kuma abin da malam ya yi ya fi abin da ya rubuta a allo zama a zuciyarsu. Allah ya ba mu ƙarfin hali, amin.