Kwana Biyu a Malaga: A Bar Garnada Ta Jira



Wata ƙanwata ce ta jawo maganar. Taron wurin aikinsu zai kai ta Malaga, birnin da ke bakin Bahar Rum a kudancin Sifaniya, kuma bayan an tashi daga taron kwana biyu cur za su rage mata kafin jirginta. Sai ta turo min jerin wurare goma sha huɗu da ta tsinto a intanet, wai in taya ta tsara su. Na ce mata, ƙanwata, wannan ai tsere ne kika shirya wa kanki. Wanda ya san wahalar samun bizar Turai da tsadar kuɗin Yuro ya san dalilin wannan haɗama, mutum yana ganin ƙila ba zai sake zuwa ba. To amma na taɓa yin irin wannan tseren a garin, na dawo da hotuna ɗari uku da ciwon ƙafa, in aka tambaye ni me na gani sai in fara laluben waya.

Ra'ayina shi ne, mai kwana biyu a Malaga wuri uku zai ba lokacinsa: dutsen da ke tsakiyar gari, kasuwa, da unguwar masunta. Sauran duk in lokaci ya ragu.

Safiyar farko ta dutse ce, kuma da sassafe, domin rana ta bazara a can ba ta da wasa. A gindin dutsen akwai dandalin wasan kwaikwayo na Rumawa da aka gina zamanin sarki Agustus, ya daɗe a binne sai 1951 aka gano shi ana cikin wani aikin gini. Daga kan titi ake ganinsa, minti goma ya isa. Abin da ya kawo ka yana samansa, wato Alkasaba, ganuwa da fadar sarakunan Musulmi da aka gina a ƙarni na 11. Kada ka yi sauri a nan. Dubi yadda ƙofofin suke, ba a shiga kai tsaye, sai ka shiga ka karya kwana ka sake karyawa kafin ka fita fili. Don hana mahara gudu aka yi haka, amma duk wanda ya tashi a gidan da ake bin zaure biyu ko uku kafin a kai tsakar gida zai ji jikinsa ya san tsarin. A ɗaya daga cikin ƙofofin za ka ga ginshiƙan Rumawa da magina suka ɗauko suka dasa a nasu ginin. Can ciki kuma ga 'yan ƙananan magudanan ruwa suna ratsa lambu. Ka samu inuwa ka zauna rabin awa ba tare da ka ɗaga waya ba. Wannan zaman na cikin abin da aka biya kuɗin jirgi dominsa.

Sama da Alkasaba akwai Jibralfaro, sansanin da Sarki Yusuf na Ɗaya na Garnada ya ƙarfafa a ƙarni na 14. Tsayin dutsen ya kai kusan mita 130, hanyar ƙafa kuma tana da tsauri, don haka mai ciwon gwiwa ya hau bas mai lamba 35 ya sauko da ƙafa. Tikiti ɗaya ake iya saya na wuraren biyu. Daga kan ganuwar kana ganin tashar jiragen ruwa, da filin wasan shanu, da garin baki ɗaya. A nan aka yi turjiya ta ƙarshe a 1487, lokacin da rundunar Fernando da Isabela ta yi wa garin ƙawanya daga watan Mayu har Agusta. Da yunwa ta karya mutanen suka miƙa wuya, sai aka mayar da mafi yawansu bayi. Shekara biyar bayan haka Garnada ta faɗi. Wanda ya san wannan kafin ya hau, ganuwar za ta yi masa wata magana daban da wanda ya hau don ɗaukar hoton teku.

Da ka sauko, leƙa babbar majami'ar garin ta waje. A inda babban masallacin Juma'a yake aka fara gina ta a 1528, aka dakatar da aiki a 1782 hasumiya ɗaya ba a ƙarasa ba, shi ya sa mutanen gari suke mata laƙabi da mai hannu ɗaya. Ibn Baɗɗuɗa ya zo Malaga wajen 1350, ya yaba da inabinta da ɓaurenta da tangaran mai ruwan zinare, ya kuma ambaci itatuwan lemu a harabar masallacin. Har yau akwai 'yar haraba mai itatuwan lemu a gefen majami'ar. Shi dai wannan matafiyi, 'yan shekaru kaɗan bayan nan, ya ƙetara hamada har Mali da Takedda, inda ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da ake kai wa tagulla.

Safiya ta biyu ta kasuwar Atarasanas ce. Sunan daga Larabci yake, darus sina'a, domin a da wurin ƙera jiragen ruwa ne kuma teku har bakin ƙofar take zuwa. Ƙofar marmara ta ƙarni na 14 tana nan, ita ce mashigar kasuwar, teku ce ta ja baya. A tuna da rana tsaka ake tashi, ran Lahadi kuma a rufe take, saboda haka wanda kwanakinsa suka faɗa Asabar da Lahadi sai ya juya tsarin, kasuwa ta riga dutse. Akwai zaitun kala-kala, zabibi, busasshen ɓaure, lauz, da tulin ƙananan kifin da har ake yi wa 'yan Malaga laƙabi da sunansa. Ɓangaren nama cike yake da cinyoyin alade a rataye, gara ka sani tun yanzu. Kuma wasu kayan zaƙinsu da kitsen alade ake yi, sai a tambaya kafin a saya.

Da yamma ka hau bas ɗin gari zuwa gabas, Pedregaleho ko El Palo, tsoffin unguwannin masunta. Nan ake yin esfeto. Ƙaramin kwale-kwale ne ake cika wa yashi, a hura wutar icen zaitun a kai, a tsire kifin sadin biyar ko shida a tsinken gora a kafa gefen wutar, gishiri kawai ake barbaɗawa. In ka taɓa tsayawa gaban tukubar mai tsire ba sai an yi maka bayani ba. Mu da muka san sadin a gwangwani kawai, ranar muke sanin an daɗe ana cutarmu. Daga Mayu zuwa Agusta kifin ya fi maiƙo. Kada ka je da shida kana neman abincin dare, mutanen nan sai tara suke zama.

Na san za a ce, Pikaso fa? Gaskiya ne a Malaga aka haife shi a 1881, kuma gidan adana zane-zanensa da aka buɗe a 2003 yana da kyau. Amma yana ɗan shekara goma iyayensa suka bar garin, babban aikinsa a Faransa ya yi shi, shahararren zanensa Gernika kuma yana Madrid. Mai son zane da gaske ya sayi tikiti ta intanet ya shiga da tsakar rana lokacin da zafi ya hana yawo. Wanda kuwa zai shiga don kada a ce bai shiga ba, ya huta da layi.

Maganar Garnada ita ce mai wuya, kuma a nan muka fi ja da ƙanwar tawa. Ta ce, Yaya, in zo har Andalus in koma ban ga Alhamra ba? Ban raina wannan ba, Alhamra ta fi Alkasaba girma da ado nesa ba kusa ba. Sai dai a yi lissafi. Tafiyar bas kusan awa biyu ce zuwa, biyu dawowa. Tikitin shiga fadar yana da ƙayyadadden lokaci, kuma a lokacin baƙi yakan ƙare makonni kafin ranar. Ko ka samu, yini guda ya tafi, rabin hutunka ke nan, ka isa a gajiye ka bi ayari ana tura ka daga ɗaki zuwa ɗaki kana duban agogo. In Alhamra ce muradinka, to ka sallama Malaga gaba ɗaya, ka je Garnada ka kwana biyun a can, wannan zaɓi ne mai kyau. Raba ƙafa ne ban yarda da shi ba.

Wani abu na gefe ga masu karatun zaure: jirgin ƙasan da ke ɗauko mutum daga filin jirgi zuwa tsakiyar Malaga, in ka hau shi ta ɗaya ɓangaren, tasharsa ta ƙarshe Fuwenhirola ce. Sunanta a da Suhail, kuma ita ake danganta Imam Suhaili da ita, mai Raudul Unuf, sharhin Sirar Ibn Hisham. Garin masu hutun bakin teku ne yanzu, dogayen otal-otal, ban ce a je ba.

Ƙanwata dai ta soke goma daga jerin nata, ta bar huɗu. Na huɗun Pikaso ne, ta ce a nan ba za ta ji maganata ba. Na ce to, amma ki tafi da takalmi mara tsini, duwatsun Alkasaba suna da santsi.