Ya Kamata Gwamnati Ta Sa Wayoyi Su Yi Aiki Da Juna

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, ina so in yi amfani da ɗan filin nan da Edita ya ba ni in faɗi ra'ayina game da wayoyin hannu na zamani. Na san dokar makaranta ta hana mu riƙe waya, amma kowa ya sani da an ba da hutu ita muke fara nema, kuma gumin iyayenmu ne ke tafiya a kanta. Ra'ayina kuwa shi ne, ya kamata Gwamnati ta kafa doka ta tilasta wa kamfanonin waya su sa kayansu su riƙa aiki da na abokan gasarsu.

Da farko bari in bayyana inda matsalar take. Manyan wayoyin yau gida biyu ne. Akwai iPhone ta kamfanin Apple, akwai kuma masu aiki da Android na kamfanin Google, irin su Tecno da Infinix da Itel da Samsung, waɗanda su ne a hannun yawancin mutanenmu. Sau da yawa manhajar da mutum ya saya da kuɗinsa a gida ɗaya ba ta binsa idan ya koma ɗaya gidan, sai ya sake biya. Haka kuma a nan Nijeriya mai WhatsApp ba shi da ikon aika wa mai Telegram saƙo. Amma ga shi mai layin MTN yana kiran mai Glo, mai Gmail kuma yana rubuta wa mai Yahoo wasiƙa ta isa. Ashe abin ba gagara ya yi ba, so ne ba a yi ba.

Mu mutanen Ƙofar 'Yandaka mun san amfanin ganuwa, mun kuma san amfanin ƙofa. Kakanninmu sun kewaye Katsina da ganuwa saboda tsaro, amma suka bar ƙofofi kamar Guga da Sauri da Durɓi da Marusa da Ƙaura, don fatake su shigo, manoma su fita. Su kuwa kamfanonin nan ganuwa suke so ba ƙofa. Dalilinsu a fili yake. Idan mutum ya tara hotunansa da abokansa da masu sayen kayansa a wuri ɗaya, fita takan yi masa wuya, sai ya haƙura da duk abin da aka yi masa. Ranar 4 ga Oktoba, 2021, WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke wajen awa shida a duniya duka. Ku duba halin matar da ke sayar da atamfa ko turare daga cikin gida, wadda duk cinikinta ta nan yake bi. Ranar nan kasuwarta ta tashi ba laifinta.

Na biyu, wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Iyayenmu suna ba mu labari cewa da wayar salula ta zo a 2001, kiran layin wani kamfani yana da wuya, yana da tsada, har wasu suka riƙa yawo da waya biyu ko uku. Dokar Sadarwa ta 2003 ta wajabta wa kamfanoni su haɗa layukansu da juna. Sa'an nan a watan Afrilu na 2013 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, watau NCC, ta fito da tsarin da mutum zai bar kamfani ya koma wani ba tare da ya rasa lambarsa ba. Babu kamfanin da ya mutu saboda haka. Abin da ya faru shi ne kowannensu ya san mai saye yana da hanyar fita.

Na uku, wasu ƙasashe sun riga sun gwada. Duk wanda ya taɓa kai waya wurin mai caji a unguwa ya ga igiyoyi iri iri rataye, wannan bakinta daban, waccan daban. Tarayyar Turai ta yi doka a 2022 cewa daga 28 ga Disamba, 2024, duk sabuwar wayar da za a sayar a can ta zo da bakin caji iri ɗaya, wanda ake kira USB-C. Tun kafin ranar ta zo, a 2023, Apple ya sauya bakin cajin sababbin wayoyinsa, har da waɗanda ake kawo mana nan. Akwai kuma wata dokar tasu ta kasuwannin intanet, wadda tun Maris na 2024 ta ɗora wa WhatsApp nauyin buɗe ƙofa ga sauran kamfanonin saƙo idan sun nema. Sai dai wannan gata na mutanen Turai ne kawai. Mu da ba mu yi dokar ba, ba mu samu ba.

Na san wani zai ce, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In aka buɗe ƙofa 'yan damfara za su shigo, asirin saƙonni ya tonu. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kamfanonin ma ita suke kafa hujja da ita. To, amma ƙofa daban, tsagar bango daban. Ƙofar gari tana da Sarkin Ƙofa mai tsaronta. Dokar Turai ɗin ma ta ce dole a kiyaye sirrin saƙo yadda yake tun asali. Tamu dokar sai ta bi wannan sawu.

Wani kuma zai ce Nijeriya ba ta isa ta ja da manyan kamfanonin Amurka ba. Ni ban yarda ba. Ƙasar da ke da mutum fiye da miliyan 200 kasuwa ce da ba a rainawa. A 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarmu ta ci kamfanin Meta, mai WhatsApp da Facebook, tarar dala miliyan 220. Idan kuwa muka haɗa kai da maƙwabtanmu na Afirka, murya za ta ƙara ƙarfi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe ina roƙon wakilanmu na Majalisar Tarayya da Hukumar NCC su dubi wannan magana da idon basira. Iyayenmu kuma, in za ku sayi waya, ku tambaya ko cajarta da kayanta za su yi aiki da na sauran mutanen gida. Wanda ya sayi abu da kuɗinsa bai kamata ya zama fursunan wanda ya sayar masa ba. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da zai amfani talakawa, amin.