TSAKANIN "TO" DA "FROM": YADDA MUKA KUSA ƊORA WA MAMACI BASHI



Waɗanda suka halarci taron watan jiya sun ji an rufe maganar kuɗin da ke tsakanin ƙungiya da gidan ɗaya daga cikin iyayenmu da ya rasu, Allah ya jiƙansa da rahama. An biya magada, an yi addu'a, an watse. Abin da ba a tsaya an faɗa ba shi ne inda rigimar ta samo asali. Mu da ke riƙe da littafin ƙungiya muna ganin haƙƙi ne a kanmu mu faɗa, domin daga teburinmu ta fito.

Lokacin da za a haƙa rijiyar burtsatse ta masallaci kuɗin asusu bai kai ba, sai marigayin ya ranta wa ƙungiya cikon. Da Hausa aka yi zaman, amma littafin taro da Turanci muke rubuta shi saboda banki da masu binciken kuɗi. Sai muka rubuta "loan to Alhaji", alhali "loan from Alhaji" ya kamata. Na farko bashin da aka ba shi ne, na biyu bashin da aka karɓa daga hannunsa. Kwamiti ya sauya, ajali ya zo, sababbin shugabanni suka buɗe littafi suka ga ana bin mamaci kuɗi. Da kyakkyawar niyya suka je gidan, tunda ba a raba gado sai an sauke bashi. 'Ya'yansa suka ce ai kafin ya cika ya shaida musu shi ke bin ƙungiya. Sai da aka ciro takardar banki aka ga daga asusunsa kuɗin ya shigo. Kafin nan an ɗauki makonni wasu ba sa gaisawa, kuma har yau babban ɗansa bai sake zuwa taro ba.

Waɗannan 'yan ƙananan kalmomi da malaman Turanci ke kira preposition, irin su to, from, of, for, in da on, mun daɗe muna ɗaukarsu kamar ado. Muna kashe ƙarfi wajen neman manyan kalmomi don wasiƙa ta yi kwarjini, mu bar ƙananan su faɗa inda suka ga dama. A takarda kuwa su ke nuna wa ya bayar, wa ya karɓa, wa ke ƙara, wa ake ƙara. "Complaint from the traders" koken 'yan kasuwa ne, "complaint against the traders" ƙararsu aka kai. Mai gidan haya in ya rubuto "an increase of ₦50,000" ƙarin dubu hamsin ya yi a kan tsohon kuɗi. In "an increase to ₦50,000" ya rubuta, kuɗin ne gaba ɗaya ya koma dubu hamsin. Duk wanda ya zauna haya a Legas ya san irin wannan ba abin da ake sa wa hannu cikin gaggawa ba ne.

Akwai dalilin da ya sa mu Hausawa muke yawan tuntuɓe a nan, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Hausa ta sauƙaƙa mana. Da "n" ko "r" guda a ƙarshen suna muke ɗaure shi da na gabansa: dalilin taro, amsar wasiƙa, buƙatar ruwa, harajin shanu, ƙarin kuɗi, maganin matsala. Tun a firamare aka ce mana "na" da "ta" su ne "of", sai muka riƙe, duk inda muka ji wannan ɗaurin sai mu jefa "of". Turanci kuwa kowane suna da abokin tafiyarsa: reason for the meeting, reply to the letter, need for water, tax on cattle, increase in fees, solution to the problem. Guda shida ke nan, babu "of" ko ɗaya. Ita kanta kalmar "bashin Alhaji" da ta jawo mana wannan abu, a Hausa tana ɗaukar fuska biyu, wanda yake bi da wanda ake binsa. A zaure kowa ya san wanda ake nufi. Littafi bai halarci zaman ba.

Kada kowa ya wahalar da kansa yana neman ƙa'ida ɗaya da za ta warware masa duka. Babu hujjar da za ta gamsar da kai kan me ya sa ake cewa "solution to" amma "cure for", bayan duk magani ne. Haka masu harshen suka saba. Har wani tarkon ma akwai: suna yana ɗaukar abokin, aikatau ya ƙi. Daidai ne a ce "a request for water", amma "we request for water" da muke gani kullum kuskure ne, "we request water" ake cewa. Wannan kam ba mu kaɗai ba, maƙwabtanmu Yarabawa da Inyamurai ma suna faɗawa, har a takardun ofisoshi.

Mun san abin da wasu za su ce, don an faɗa mana a fuska: Turanci ba harshen uwarmu ba ne, in dai an gane ai shi ke nan. A kasuwar Mile 12 ko a tasha wannan gaskiya ce, da buroka ake cinikin miliyoyi ba wanda ya yi asara. Ba kuma muna goyon bayan masu yi wa dattijo dariya don ya karya Turanci ba, wannan rashin tarbiyya ne. Amma wanda kake magana da shi baki da baki zai iya cewa me kake nufi. Takarda kuma tana zuwa hannun wanda bai san ka ba, wani lokaci bayan ba ka duniya. Mu da muke zaune a Kudu kusan duk hulɗarmu da hukuma da Turanci ce, daga ƙaramar hukuma zuwa ofishin 'yan sanda, zuwa kotu. Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, matasanmu da yawa abin ya shafa, kuma duk mai son rubuta koke dole ya san "ban on" ake cewa, sassauci kuma "exemption from". Kundin tsarin mulkin 1999 da muke kafa hujja da shi, sashe na 41 yana magana kan "freedom of movement", 'yancin zuwa da zama ko'ina a ƙasar nan. Sashe na 42 kuma "freedom from discrimination" ne, kariya daga wariya. Wanda ya sa "of" a na biyun ya nemi a ba shi 'yancin nuna wariya ke nan, a cikin takardar da ya rubuta yana kukan ana nuna masa.

Ga 'ya'yanmu masu shirin WAEC, NECO da JAMB, irin waɗannan tambayoyi ba sa ɓacewa a jarrabawar Turanci, kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turancin. Shawararmu ita ce a daina haddace suna shi kaɗai. Yaron da ya haddace Alƙur'ani a allo ba zai gagara riƙe "access to", "damage to", "compensation for" da "interest in" a matsayin kalma guda guda ba. Ƙamus ɗin Oxford Advanced Learner's, wanda A. S. Hornby ya fara haɗawa, tun asali don waɗanda Turanci ba harshensu ba ne aka yi shi, kuma yana nuna abokin tafiyar suna tare da misali. Yana nan a intanet kyauta. Mu dai mun yi shekaru muna buɗe shi don ma'ana kawai, ba mu taɓa sauke ido ƙasa mun karanta misalan ba.

Abin da za mu gabatar a taro mai zuwa guda biyu ne. Duk maganar kuɗi a rubuta ta da cikakkiyar jimla da Turanci da Hausa, wane ya ba wane, nawa, zai biya yaushe, a karanta a gaban mutane kafin shugaba ya sa hannu. Sannan kada wata wasiƙa ta sha hatimin ƙungiya sai ɗaya daga cikin matasanmu masu digiri ya duba. Mun san wannan zai yi wa wasu nauyi, a ce ɗan da aka haifa a gabanka shi zai gyara maka rubutu. Mu ma da farko ya yi mana. Amma mun zauna a gaban 'ya'yan marigayi muna ba da haƙuri, kuma wannan ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Mun fara bin tsofaffin littattafan taro shafi shafi tare da matasa biyu. Duk wanda ya san ya taɓa ranta wa ƙungiya ko ta ranta masa, ko mahaifinsa, ya same mu a ofis ranar Asabar bayan la'asar mu duba abin da aka rubuta.

Daga Sakataren Ƙungiya