RUWAN SHA HAƘƘIN TALAKA NE, BA ALFARMAR MAI MULKI BA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai shayar da bayinSa ba tare da Ya karɓi ko anini daga gare su ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, musamman jama'ar ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, akwai wasu maganganu guda biyu da suka kama bakin mutanenmu game da ruwan sha. Idan aka haƙa rijiyar burtsatse a gari, sai ka ji ana cewa wane ya taimake mu, Allah Ya saka masa. Idan kuwa ta lalace bayan 'yan watanni, mata da yara suka koma kududdufi, sai ka ji ana cewa haka Allah Ya so. Magana ta farko ta mayar da haƙƙi ya zama kyauta, ta biyu kuwa ta ɗauke laifi daga kan mai shi ta jingina shi ga ƙaddara. Da waɗannan maganganu biyu ne ake cin amanar talaka, shi kuma yana godiya.

HALIN DA AKE CIKI

Mafi yawan Jihar Jigawa tana kan ƙasa mai rairayi wadda ke riƙe ruwa a cikinta. Amma kudancin jihar, inda Birnin Kudu da Gwaram suke, yana kan dutse ne, kuma duk wanda ya ga duwatsun da suka kewaye Birnin Kudu ya ga shaida. A irin wannan ƙasa ruwa yana ɓuya ne a tsagin dutse da inda dutsen ya ruɓe, saboda haka ba ko'ina ake haƙawa a same shi ba, kuma rijiyar da aka haƙa ba tare da binciken masana ba takan ƙafe da zarar bazara ta kama. Wannan sanannen abu ne ga duk mai aikin ruwa. Ɗan kwangilar da ya kafa injinsa a ƙofar gidan mai faɗa-a-ji maimakon inda ruwan yake, ya san abin da yake yi.

Da damina kuwa ruwan yana zuwa har ya yi ɓarna. A watan Agusta na 2021 ambaliya ta cinye gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta faɗa ciki, mutum 21 suka rasu. A shekarar nan dai annobar kwalara ta mamaye ƙasar nan, inda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta lissafa sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu, sama da 3,500 kuma suka riga mu gidan gaskiya, Jigawa da maƙwabciyarta Bauchi suna sahun gaba. Kwalara kuwa ba iska ba ce, ba kuma sammu ba ce, cuta ce da ke shiga ciki ta hanyar ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Ashe ke nan ƙasar da ruwa ke karya wa gada da damina ita ce ƙasar da ake tonon rairayin kogi da rani don a sami abin dafa tuwo. Allah Ya saukar da ruwa, tattali da adalcin rabo ne suka yi ƙaranci.

ABIN DA SHARI'A TA TANADA

A ranar 28 ga Yuli, 2010, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙi ne na ɗan Adam. Masana lafiya na duniya sun ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana, kuma bai kamata ɗebo ruwa ya ci fiye da minti 30 ba. Muna maraba da wannan, amma muna tunatar da 'yan'uwa cewa Musulunci ya riga su da shekaru fiye da 1,400.

Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya ruwa da ciyawa da wuta a cikin abubuwan da jama'a suka yi tarayya a kansu. Muslim ya ruwaito hanin sayar da rarar ruwa. Bukhari kuwa ya kawo mutumin da yake da rarar ruwa a kan hanya ya hana matafiyi a cikin mutum ukun da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama. Lokacin da Musulmi suka isa Madina suka tarar ana sayar da ruwan rijiyar Ruma, Sayyidina Usmanu ɗan Affan (R.A.) ya saye ta ya mayar da ita waƙafi, gugansa bai fi na kowa ba.

Ku duba kuma ƙissar Abyad ɗan Hammal (R.A.), wanda ya roƙi a mallaka masa wurin gishiri a Ma'arib aka ba shi. Da aka sanar da Manzon Allah (S.A.W.) cewa wurin tamkar ruwa ne mai ɓuɓɓuga wanda ba ya yankewa, sai ya karɓe kyautar. Darasin a fili yake: abin da rayuwar jama'a ta dogara a kansa, shugaba ba shi da ikon yanka wa mutum ɗaya shi, ko da kuwa sahabi ne, balle ɗan jam'iyya.

Malamanmu na Malikiyya sun yi wa al'amarin dalla-dalla. A cikin Risala, wadda ake karantawa a zaurukan garuruwanmu, an bayyana cewa masu rijiyar dabbobi a daji su ne farkon sha, bayan sun ƙoshi kuwa sauran mutane daidai suke a kanta. Wanda ya haƙa rijiya a cikin mallakarsa yana da iko da ita, amma idan rijiyar maƙwabcinsa ta rufta alhali yana da shukar da yake tsoron mutuwarta, to ba a hana shi rara. Wanda ƙishirwa ke neman halaka shi kuwa, babu mai ikon hana shi, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Saboda haka ɗan garuwa da ya tura kura ya ɗebo ruwa a jarka, guminsa yake ci, halal ne. Amma wanda ya kewaye mashayar jama'a, ko ya mallake famfon da aka yi da kuɗin hukuma yana karɓar kuɗi ya zuba aljihu, wannan haram yake ci, ko da kuwa shi ne mai sahun farko a masallaci.

AMSA GA MASU SHUBUHA

Wasu za su ce maganar haƙƙin ɗan Adam ta Turawa ce, ba ta dace da mimbari ba. Muna tambayarsu: shin Babin Tsarki ba shi ne farkon abin da ake buɗe littafin fiƙihu da shi ba? Yaya za mu kwana muna karantar da rabe-raben ruwa, wanda ya halatta a yi alwala da shi da wanda bai halatta ba, sa'an nan mu yi shiru alhali ɗalibanmu suna sha daga inda shanu ke fitsari? Malamin da ya iya ɗaga murya a kan saɓani a cikin reshen mas'ala, amma harshensa ya yi nauyi a kan ƙishirwar marayu, to ya binciki zuciyarsa.

Wasu kuma za su ce gwamnati ba ta da kuɗi. An ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Tana da hukumar ruwa ta birane, da ta ƙananan garuruwa, da ta karkara. Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsabta a watan Nuwamba na 2018. A 2022 aka bayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bayan gida a fili, kuma wannan abin yabo ne, domin ya yi daidai da hanin da Sunna ta yi na yin bayan gida a mashaya da hanya da inuwa. To wannan nasarar ita ce hujjarmu. Idan an iya bi gida-gida har aka sa kowa ya haƙa masai, ashe ana iya bi gari-gari a lissafa rijiyoyin da suka mutu a tayar da su. Abin da ke faruwa shi ne sabuwar rijiya tana da allo mai ɗauke da suna, tana da bikin buɗewa da maroƙa, gyaran tsohuwa kuwa ba ya kawo ƙuri'a. Shi ya sa za ka ga tanki a tsaye, da sunan mai aikin mazaɓa rangaɗau a jikinsa, amma ƙadangaru ne kawai ke amfana da shi.

Masu fakewa da ƙaddara kuwa, Sayyidina Umaru (R.A.) ya ishe mu amsa, ranar da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba, ya nuna cewa guje wa cuta ma yana cikin ƙaddarar Allah. Gyaran famfo ƙaddara ce, barinsa a lalace ma ƙaddara ce, amma ɗaya lada ake samu, ɗaya kuwa hisabi.

DARASIN KAFIN ZAKI

Adalcin ruwa bai tsaya a bakin rijiya ba. Kogin Bunga, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Gwaram, shi ne yake zama Kogin Jama'are, ya je ya haɗu da na Haɗejiya su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Tun ƙarshen shekarun 1970 ake maganar gina madatsar ruwa a kansa a Kafin Zaki cikin Jihar Bauchi. An ba da kwangila, aka soke ta a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake sokewa a 1994, kuma har yau ba a kammala ba. Mutanen Bauchi suna son ta saboda noman rani, mutanen Yobe da Barno suna tsoron ta saboda sun ga abin da ya biyo bayan madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992: ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, manoma da masunta da makiyaya suka shiga wani hali.

Mu mutanen wannan yanki muna tsakiya. Idan aka tare ruwa a Kafin Zaki, muna cikin na ƙasa, idan kuwa muka dubi Jama'are da Katagum da Gashuwa, mu ne na sama. Hukuncin Manzon Allah (S.A.W.) a kan ƙoramun Madina, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa, shi ne na sama ya shayar da gonarsa har ruwa ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake wa na ƙasa. An ba na sama haƙƙinsa, an kuma yi masa iyaka. A cikin littafin dai an kawo yadda Muhammadu ɗan Maslama (R.A.) ya hana Dahhaku ɗan Khalifa ratsa gonarsa da magudanar ruwa, Sayyidina Umaru ya tilasta shi, tun da abin ba zai cuce shi ba. Saboda haka duk wanda zai yi magana da yawunmu a kan wannan kogi, a Dutse ko a Abuja, to ya nemi a rubuta adadin ruwan da za a riƙa saki da lokacin sakinsa kafin a ɗora tubali ɗaya. Dokar ruwa ta 1993 ta sanya kogunan da suka ratsa jiha fiye da ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya, amma wannan riƙon amana ne, ba gado ba.

Wannan ma'auni kuwa ya hau kanmu a gida. Mai lambu da ya shinge bakin kogi gaba ɗaya har bai bar wa shanu mashaya ba, ya yi zalunci. Makiyayin da ya kora garke cikin lambun da aka sha wahalar ban ruwa, shi ma ya yi zalunci. Yawancin jinin da ake zubarwa tsakanin manomi da makiyayi daga toshe burtali da mashaya yake farawa. Ba zai yiwu mu nemi adalci daga na sama da mu ba alhali muna danne na kusa da mu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, kowane masallacin Juma'a ya kafa kwamitin amintattu da zai lissafa rijiyoyi da famfunan yankinsa, masu aiki da matattu, ya kai wa ƙaramar hukuma a rubuce, ya kuma riƙa karanta wa jama'a amsar da aka bayar.

Na biyu, a yi asusun gyara a kowace unguwa, a riƙa bayyana shigarsa da fitarsa, a kuma ɗauke wa marayu da gajiyayyu biya. Sau da yawa abin da ya kashe tuƙa-tuƙa bai kai kuɗin ragon suna ba.

Na uku, mawadatanmu su tuna cewa da Sa'adu ɗan Ubada (R.A.) ya nemi sadakar da ta fi don mahaifiyarsa, shayar da ruwa aka nuna masa. Wanda ya sauke farali ya kuma maimaita Umra sau da dama alhali ƙauyensu na shan ruwan kududdufi, ya zauna ya yi lissafi. Mai burtsatse a gida kuma ya fito da famfo ɗaya waje.

Na huɗu, mu daina almubazzaranci da ƙazantar da ruwa. Manzon Allah (S.A.W.) da mudu guda yake alwala.

Na biyar, idan mai neman ƙuri'a ya zo, kada a tambaye shi rijiya nawa zai haƙa. A tambaye shi nawa ne suke ba da ruwa a cikin waɗanda aka haƙa a baya. Idan ya yi aiki a ce ya sauke nauyi, domin da dukiyar jama'a ya yi, kuma kowane shugaba abin tambaya ne a kan abin da aka ba shi kiwo.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya ba malamanmu ƙarfin faɗar gaskiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya shayar da mu daga tafkin ManzonSa ranar ƙishirwa mafi girma. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.