Filin Manoma: Mi ya sa ake jira bayan feshi?

A jikin butalin maganin ƙwari akwai rubutu mai faɗin kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinki tomati, shu ko wake. Haka ma maganin dabbobi: an rubuta kwanakin da ba a shan nonon saniya bayan allura. Waɗansu manoma suna cewa surutun masu sayarwa ne. Ba haka ba ne. Kwanakin nan auna su aka yi.

Makiyayi yakan yi wa raƙuminsa shaida. Ko ya shiga cikin raƙuma ɗari a kasuwa, zai gane abinsa. Haka masana suke yi wa magani. Magani an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Cikinsu akwai masu suna karbon. Sai a sauya ɗaya da wani irinsa da ake kira karbon 14. Aikin maganin bai canza ba, amma karbon 14 yana fid da wani ɗan haske wanda na'ura kaɗai take ganewa. Duk inda maganin ya shiga, shaidarsa tana tare da shi.

Dabarar ta daɗe. A 1923 wani masani ɗan ƙasar Hongiri, Jorj Hevesi, ya zuba dalma mai irin wannan haske cikin ruwan da wake ke sha, ya bi ta daga saiwa har ganye. A 1940 Kamen da Ruben suka gano karbon 14 a Amurka.

Ga yadda ake aikin. A ɗakin bincike ana fesa maganin mai shaida ga shuka, sannan a auna ganye, ƴaƴa da ƙasa. Ana ba akuya mai nono da kaza mai ƙwai, a auna nono, ƙwai, hanta, ƙoda da nama. Nan ake sanin inda maganin yake maƙalewa da abin da yake rikiɗa ya zama. Bayan haka a tafi gona da maganin da babu shaida, a yi ta aunawa har a ga ranar da saura ya ragu ƙasa da abin da ke cuta. Ranar nan ce ake rubutawa a butali.

Maganin mutane ma haka ne. Masu sa kai kaɗan suna shan ɗan ƙanƙane, a auna jini, fitsari da bayan gida, don a san ko hanta ce ke fid da shi ko ƙoda. Shi ya sa lokotoro yakan rage wa mai ciwon ƙoda wani magani.

Maganin mai shaida ba ya fita kasuwa, na bincike ne kawai. A Yamai ma, jami'ar Abdu Mumuni tana da cibiyar da ke aiki da irin waɗannan ƙwayoyi.

To, manomin da ya yi feshi yau ya kai shu kasuwa gobe, guba ya kai, kuma iyalinsa ne farkon masu ci. Wanki ba ya fid da abin da ya riga ya shiga cikin ganye. Maganin da aka juye a wani butali babu takarda, ba mai sanin kwanakinsa, a guje shi. Wanda bai iya karatu ba ya kai butalin wurin malamin gona ko malamin dabbobi, a faɗa masa kwanakin, ya ƙidaya su cif.